Rok, jaz da buluz: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Duk sanda hira ta biyo ta kan kiɗe-kiɗen ƙasashen waje sai an yi gardamar nan, wani ya ce ai 'yan rok ihu kawai suka iya, wani ya ce jaz kiɗan sa barci ne na masu ƙaryar boko, shi kuwa buluz yawanci ma ba a san inda za a ajiye shi ba. Tambayoyin da suka fi maimaituwa ne na tara a nan, wasu amsar ta yi tsawo wasu 'yan layuka ne, gwargwadon yadda maganar take da nama.

Wai meye bambancinsu ne? Ni fa duk kiɗan Turawa nake ji.

To biyu daga ciki dai ba na Turawa ba ne sam, na ukun ma ba su suka fara shi ba. Buluz ne babba. A kudancin Amurka ya taso, musamman yankin gonakin auduga na jihar Misisifi, wajen ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, a bakin 'ya'ya da jikokin bayin da aka 'yanta a 1865 amma talauci da wariyar launin fata ba su sake su ba. Mutum ɗaya da jitarsa yana faɗin abin da ke cinsa, mace ta tafi, ambaliya ta ci gona, mai gona ya danne masa haƙƙi, ba kuɗin jirgin ƙasa balle ya gudu. Jaz kuma ɗan birni ne, a New Orleans ya tashi kusan lokaci guda, inda kayan busa irin na badujala suka gamu da waƙoƙin coci da buluz ɗin kansa, faifan jaz na farko a 1917 ya fito. Rok shi ne auta. A shekarun 1950 su Chuck Berry da Little Richard suka ɗauki buluz suka ƙara masa gudu suka juya zancen ya koma na samari, mota da makaranta da 'yan mata, Elvis Presley ya shigar da shi gidajen fararen fata, daga baya a shekarun 1960 samarin Ingila suka yi caraf suka karɓe.

Amma ni a wurina babban bambancin ba a sauti yake ba, a abin da kake saya yake in ka biya kuɗinka. A rok ƙungiya kake saya da waƙar da ta naɗa a faifai, in ka je wasansu so kake su yi maka ita yadda ka san ta. A jaz makaɗin kake saya da abin da zai ƙago a daren nan wanda gobe ko shi ba zai iya maimaitawa ba. Buluz kuwa muryar mutumin ce kayan sayarwar, ya sa ka yarda cewa abin da yake faɗa ya same shi da gaske. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka ɓullo.

Me ya sa a rok ake cewa Beatles, Queen, U2, amma a jaz da buluz sai sunan mutum ɗaya?

Tsarin aikin ne daban. Ƙungiyar rok yawanci abokai ne tun suna yara, unguwa ɗaya ko makaranta ɗaya, sun fara ba wanda ya iya wani abin kirki, suka koya tare suka girma tare. John Lennon da Paul McCartney na Beatles a Liverpool suka haɗu a 1957, ɗaya na da shekara 16 ɗaya 15. U2 'yan sakandare ɗaya ne a Dublin, sun fara a 1976, kuma mutum huɗun nan su ne dai har yanzu. Sautin na su duka ne a haɗe, in ka zare mutum ɗaya abin ya tashi daga yadda aka san shi, shi ya sa da mai gangar Led Zeppelin, John Bonham, ya mutu a 1980 sauran ukun suka ce shikenan an tashi kasuwa, ba su nemi madadinsa ba. Kuma sunan kansa dukiya ne, har kotu ake zuwa a kai. Da Roger Waters ya bar Pink Floyd a 1985 sai da ya shigar da ƙara don ya hana sauran amfani da sunan, ƙarshe dai sunan a hannunsu ya zauna.

Jaz ba haka ba ne. Akwai maigida, shi zai ɗauki makaɗa aiki ya biya su, in sun goge su yi sallama su je su kafa nasu, ba wanda zai ce an ci amana don dama haka abin yake tafiya. Dubi waɗanda suka bi ta hannun Miles Davis kawai, John Coltrane, Bill Evans, Herbie Hancock, Wayne Shorter, da Tony Williams wanda ya shigo yana ɗan shekara 17, kowannensu daga baya ya zama maigidan kansa. Ƙungiyar Art Blakey, Jazz Messengers, ita kam makaranta ce kawai, ana shiga ana yayewa shekara sama da 30. Akwai dai waɗanda suka saɓa, kamar Harry Carney da ya shiga wajen Duke Ellington a 1927 bai bar shi ba har Ellington ya mutu a 1974, shi ma a shekarar ya bi shi, amma irinsu ba yawa.

Buluz ma maigida ne da yaransa. Little Walter mai busa ƙaramar hamonika yaron babban mawaƙin buluz Muddy Waters ne, da kiɗansa ya karɓu a 1952 ya ware. In kana son ka gane abin da sauri tuna da marigayi Shata, cewa ake waƙar Shata, ba a kiran sunan ƙungiya, alhali ga masu kalangu ga 'yan amshi a bayansa, kuma a nan take yake ƙago baiti gwargwadon wanda ke zaune a gabansa. Wannan tsarin ya fi kusa da jaz da buluz nesa ba kusa ba a kan rok.

To wa ya fi iya kiɗa a cikinsu? A faɗi gaskiya.

In ma'aunin sanin kayan kiɗa ne da sanin yadda sautuka ke haɗuwa, 'yan jaz ne, ba wata gardama, su kansu 'yan rok ɗin da suka san ciwon kansu ba sa musu. Charlie Parker da bakinsa ya ce akwai shekarun da yake yin awa 11 zuwa 15 a rana yana gwajin saksafon. Salon da shi da Dizzy Gillespie suka fito da shi a shekarun 1940, wanda ake kira bibop, gudu ne na fitar hankali, haɗin sautukan da masu jita ke kira kod yana canzawa kusan duk bugu biyu, kai kuma dole ka ƙago sabuwar karin murya a kai nan take ba tare da ka yi tuntuɓe ba. Su kuwa Beatles ko karanta rubutun kiɗa ba su iya ba.

Sai dai fa iyawa kala-kala ce. Tsara waƙar minti uku da mutum zai ji sau ɗaya ta maƙale masa a kai shekara 50, wannan ma baiwa ce, kuma manyan 'yan jaz da yawa ba su da ita. Sannan 'yan rok sun mayar da situdiyo kanta abin kiɗa. Albam ɗin Miles Davis na 1959, Kind of Blue, a zama biyu aka naɗe shi, ya shigo da 'yan zane-zanen abin da yake so ya miƙa wa makaɗan aka kunna na'ura. Beatles kuwa wata da watanni suka kwashe daga ƙarshen 1966 zuwa Afrilun 1967 a kan Sgt. Pepper, ana ɗora sauti kan sauti ana yanka tef ana liƙawa. Ɗaya hoton abin da ya faru ne a ɗaki, ɗaya gini ne da aka yi a hankali, ban ga yadda za ka auna su da mudu ɗaya ba.

Buluz kuma nasa ma'aunin daban ne gaba ɗaya. B.B. King ya sha faɗa cewa shi bai iya kod sosai ba, kuma in yana rera waƙa ba ya kaɗa jita, sai ya yi shiru jitar ta amsa masa. Amma ya taɓa tsirkiya ɗaya ya girgiza yatsa, duk wanda ya san shi ya san shi ne. Akwai masu gudun yatsu dubu da ba su kai nan ba.

Gaskiya ne 'yan rok sace waƙoƙin baƙaƙen fata suka yi?

Wasu sun sata, wasu sun ara sun faɗi mai kaya, kuma wanda ya fi kowa cuta yawanci ba makaɗin ba ne, masu kamfanin faifai ne. Bari mu bi su ɗaya-ɗaya.

Waƙar farko da Elvis ya fitar a kamfanin Sun na Memphis a 1954, That's All Right, ta Arthur Crudup ce, shi ya naɗe ta tun 1946. Elvis bai ɓoye ba, ya yabe shi a fili, amma kuɗin haƙƙin mallaka bai isa hannun Crudup ba, ya yi ta bi ya gaji, ya mutu a 1974 yana talakansa. Hound Dog kuma Big Mama Thornton ce ta fara yin ta, ta fito a 1953 ta yi kasuwa, ita ta ce dala 500 kacal ta gani, Elvis ya sake ta a 1956 aka sayar da miliyoyi. Sai dai a nan akwai ɗan ƙulli, waɗanda suka rubuta waƙar samari biyu ne farare, Leiber da Stoller, ka ga ba kullum zancen yake miƙewa sak ba yadda masu gardama ke so.

Led Zeppelin su ne aka fi kamawa dumu-dumu. Whole Lotta Love ta 1969 ta kwashi kalmomi daga You Need Love wadda Willie Dixon ya rubuta wa Muddy Waters a 1962, kuma ba su sa sunansa ba. Dixon ya kai ƙara a 1985, aka sasanta a wajen kotu, yanzu in ka duba faifan za ka ga sunansa. Haka aka yi da wata waƙar tasu da ta ɗebo daga Killing Floor ta Howlin' Wolf. Masu kare su na cewa ai a buluz dama kowa na ɗaukar baitin wani, kuma gaskiya ne, haka al'adar take tun a gona. Amma ɗaukar baiti tsakanin talakawa biyu da ke wasa a bukkar shan giya daban, ɗauka ka rubuta sunanka a takardar mallaka ka sayi jirgin sama daban.

Kenan ba wanda ya kyauta wa dattawan?

A'a, akwai, kuma a nan dole a yaba wa Rolling Stones. Sunansu ma daga waƙar Muddy Waters ta 1950 suka ɗauko shi, kuma ba su taɓa ɓoyewa ba. Da suka je Amurka a 1964 sai da suka nemi situdiyon kamfanin Chess a Shikago suka yi naɗi a ɗakin da gwanayensu ke yi. A shekarar suka kai Little Red Rooster, buluz tsantsa na Willie Dixon, lamba ɗaya a Ingila. A 1965 da aka gayyace su wani shirin talabijin na matasa a Amurka suka ce sai an sa Howlin' Wolf, aka sa shi, ƙaton dattijo baƙi yana ruri a gaban yaran fararen fata su kuma suna zaune a ƙasa suna kallonsa. A rangadinsu na 1969 B.B. King na cikin masu buɗe musu fage. Cream ma, wata ƙungiyar rok ta Ingila, da suka sake waƙar tsohon ɗan buluz Skip James, I'm So Glad, sun sa sunansa, kuɗin ya taimaka masa da jinya a ƙarshen rayuwarsa.

Abin takaicin shi ne sai da yaran Ingila suka tsallako teku suka nuna wa fararen Amurka abin da ke bayan gidansu sannan suka waiwaya. Lokacin kuma matasan baƙaƙen fata sun riga sun yi gaba, sun koma kiɗan sol da su James Brown, buluz ya zama kiɗan iyayensu da ke tuna musu gonar auduga.

Ni jaz ɗin nan ba na gane kansa, busa kawai ake ta yi minti 15 ba waƙa. Ya ake sauraronsa?

Akwai tsari, ba hauka ba ne. Yawanci za su fara da karin waƙar gaba ɗaya sau ɗaya ko biyu, wannan shi ne kan zancen. Daga nan mai fiyano da mai babbar jitar bes da mai ganga za su ci gaba da zagaya ginshiƙin waƙar a ƙasa, suna komawa farko duk sanda suka kai ƙarshe, sai masu busa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi nasa a kan wannan ginshiƙin, in an gama zagaye a dawo kan karin farko a rufe. Dabarar ita ce ka riƙe karin farkon nan a ranka kana rerawa a zuci yayin da mai busa ke yawo, sai ka fara jin inda ya bi hanya da inda ya kauce da gangan da inda mai ganga ya tsokane shi ya mayar masa.

Shi ya sa waƙa ɗaya ba ta ƙarewa. Coltrane ya naɗi My Favorite Things kusan minti 14 a faifan 1961, da ya je Japan a 1966 ya yi ta kusan awa guda. Ɗan rok in ya yi wa masoyansa haka da waƙar da suka zo ji sai an jefe shi da robar ruwa. Kuma jaz na da mawaƙa fa, Billie Holiday, Ella Fitzgerald, Sarah Vaughan, Louis Armstrong kansa, in busa zalla ta gundure ka fara da su.

Buluz kuma duk waƙoƙin kamar ɗaya suke.

Eh, ƙashin bayan ɗaya ne kusan kullum, gaɓa 12 masu bugu huɗu-huɗu, kod uku, a faɗi layi, a maimaita shi, a kawo na uku ya warware. Da gangan ne. Tunda kowa ya san hanyar, mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su iya hawa dandamali su yi wasa ba gwaji, hankalin mai sauraro kuma ya koma kan murya da lanƙwasa sauti, irin sautin nan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu. Saurari Robert Johnson, wanda waƙa 29 kacal ya naɗa a 1936 da 1937, ka saurari Bessie Smith, ka saurari Howlin' Wolf, in ka ce ɗaya suke to kunnen ne bai saba ba tukuna. Af, gaɓa 12 ɗin nan ita ce a ƙarƙashin rabin waƙoƙin Chuck Berry da ɗimbin kiɗan Charlie Parker, sai dai an canza mata riga.

Me ya kawo ƙarar nan ta rok?

Girman fili ne ya kawo ta. Jitar lantarki ba 'yan rok suka fara ba, Charlie Christian na kaɗa ta a jaz tun 1939, Muddy Waters kuma da ya koma Shikago a 1943 ya ga jitar katako ba ta jiyuwa a hayaniyar mashaya ya jona wuta, har da ya je Ingila a 1958 wasu suka yi ta ƙorafin ya cika ƙara. Amma su a ɗaki suke wasa. Beatles a 1965 a filin wasa na Shea a New York mutum sama da 55,000 suka tara, ihun 'yan mata ya danne lasifikokin har su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa, shekara ɗaya bayan nan suka daina wasan fili kwata-kwata. Waɗanda suka biyo baya sai suka tara manyan amfilifaya irin na Marshall, aka gano in ka ƙure su sautin yana dagulewa ya yi wani gurnani, gurnanin ya zama abin so.

Ta fannin kuɗi fa?

Rok, da tazara mai nisa. Filin ƙwallo da kulob mai kujera 100 ba ɗaya ba, sannan ƙungiyar rok ita ke rubuta waƙoƙinta, kuma a harkar nan kuɗin da ke daɗewa yana wajen wanda sunansa ke kan waƙa ne, ba wanda ya fi iya kaɗawa ba. Makaɗin jaz da aka ɗauka naɗi kuɗin zama ake ba shi a sallame shi, ko da faifan zai yi shekara 60 ana saye. Ɗan buluz kuma a hanya yake rayuwa, B.B. King a 1956 kaɗai wasa 342 ya yi. Amma kada a manta jaz ma ya taɓa zama kiɗan kasuwa, a shekarun 1930 shi ne abin rawar matasa, kuma a 1964 da Beatles suka mamaye ko'ina Louis Armstrong ne yana da shekara 62 ya sauko da su daga lamba ɗaya a Amurka da Hello, Dolly!

Akwai waɗanda suka haɗa duka?

Da yawa, katangar ba ta da tsayi yadda masoya ke zato. Jimi Hendrix ɗan buluz ne da aka ba wutar lantarki mai yawa, ya yi shekaru yana yaron gida a bayan su Little Richard kafin a kai shi Landan a 1966, kuma mai gangarsa Mitch Mitchell hannun jaz gare shi. Cream, wato Eric Clapton da Jack Bruce da Ginger Baker, biyu daga cikinsu daga jaz suka fito, shi ya sa a dandamali suke jan waƙa ɗaya minti 15. Charlie Watts ya yi wa Rolling Stones ganga daga 1963 har ya mutu a 2021 amma zuciyarsa na wajen jaz, da ya samu hutu sai ya haɗa tasa ƙungiyar. Daga ɗaya ɓangaren Miles Davis ya ga matasa sun gudu, ya jona wa kayansa wuta wajen 1969, a 1970 har buɗe wa ƙungiyoyin rok fage ya yi, ya kuma hau dandamalin babban bikin Isle of Wight. Tsofaffin masoyansa suka ce ya sayar da kansa. Ni dai ina ganin kiɗan da ya yi a lokacin ya fi na yawancin 'yan rok ɗin tsauri, ba abin da ya yi kama da neman kasuwa a ciki.

Wai da gaske asalin buluz daga yankinmu ne?

Akwai ƙamshin gaskiya, amma kada mu zaƙe. A Amurka aka haifi buluz, wahalar can ce ta haife shi. Sai dai masana irin su Gerhard Kubik sun nuna cewa salon ya fi kama da kiɗan yankin Sahel da savana, daga Senegal da Mali har ƙasar Hausa da arewacin Kamaru, fiye da na bakin teku, wato mawaƙi ɗaya da abin tsirkiya, murya mai lanƙwasa da jan baƙi, ba taron ganguna ba. Akwai dalili kuma, bayan tawayen bayi na Stono a 1739 an hana bayi ganga a Karolina ta Kudu, abin tsirkiya kuwa ba a hana ba, sai masu wannan al'adar suka samu sarari. Banjo kanta jikar su molo da gurmi ce da danginsu na Afirka ta Yamma, ƙwarya da fata da sanda. A Misisifi yara da dama da waya ɗaya da aka ɗaure a jikin katako suka fara koyo, wanda ya san kuntigin Ɗan Maraya Jos ba zai yi mamakin abin da tsirkiya ɗaya ke iya yi ba. Ali Farka Touré na Mali ya sha cewa da ya ji John Lee Hooker ji ya yi kamar kiɗan gida.

Manyansu sun taɓa zuwa nan kuwa?

Sosai. Louis Armstrong ya je Accra a 1956, ya dawo Afirka a 1960 ya zo Najeriya, akwai hotonsa da Sardauna a Kaduna suna dariya. Yusef Lateef, babban mai saksafon da sarewa, Musulmi ne, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a kan sarewar Fulani. Art Blakey ma ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina. 'Yan rok kuwa Legas suka fi nufa. Ginger Baker ya keto Sahara da mota a 1971, ya yi faifai da Fela, ya kafa situdiyo. Paul McCartney ya naɗi Band on the Run a can a 1973, 'yan fashi suka tare shi da wuƙa, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka sai da ya kira shi ya kunna masa abin da suke naɗa.

Su Bombino da Mdou Moctar na Nijar a wane layi suke?

Turawa na kiran abin buluz ɗin sahara, amma in ka kalli Mdou Moctar a dandamali rok ne tsagwaronsa, ganga mai gudu da jita mai gurnani, kuma da hagu yake kaɗawa kamar Hendrix. Faifansa na farko ma a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da muryar kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, ya yi ta yawo a wayoyi ta bulutut kafin wani Ba'amurke ya ji ya nemo shi. Bombino ɗan Agadas ne, albam ɗinsa na 2013 Dan Auerbach na Black Keys ne ya yi masa furodusa. Tinariwen na Mali kuma sun ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a 2012, su tsarinsu na ƙungiya ne amma mutane na shiga suna fita.

Me ya sa da yawansu ke mutuwa da ƙuruciya?

Ƙwaya da giya da rayuwar hanya, kuma ba ɓangaren da ya tsira. Ana yawan lissafa 'yan shekara 27, Brian Jones, Hendrix, Janis Joplin, Jim Morrison, Kurt Cobain, har da Robert Johnson, sai a ɗauka cutar rok ce. Amma a jaz ma Charlie Parker na da 34 ya mutu a 1955, likitan da ya duba gawar ya zaci ya haura 50. Billie Holiday 44. A ɗaya gefen B.B. King ya kai 89.

Da wanne zan fara in ina son in shiga?

Kada ka fara da tsofaffin faifan 1930, ƙarar tef ɗin za ta kore ka. Nemi Live at the Regal na B.B. King, wasan da aka naɗa a Shikago a 1964, ka ji yadda mata ke amsa masa daga cikin taro. Daga nan Muddy Waters a bikin Newport na 1960. Sai ka ɗauki Cross Road Blues ta Robert Johnson ka ji, ka bi ta da Crossroads ta Cream ta 1968, waƙa ɗaya ce shekara 32 tsakani, a nan za ka ji da kunnenka abin da rok ya ƙara da abin da ya zubar a hanya. Jaz kuma Kind of Blue tukuna, da daddare, da abin kunne mai kyau ba lasifikar waya ba don bes ɗin ba ya fitowa a waya, in ya zauna maka ka matsa zuwa Moanin' na Art Blakey. A Love Supreme na Coltrane ka bar shi sai kunnen ya yi ƙwari.